Bargon da Ya Ƙi Kwanciya

Duk wanda ya yi makaranta a garin Estcourt wandonsa bai taɓa tsagewa gaban 'yan mata ba, Baba Sokhela ya kamata ya je ya gode wa. Tela ne. A barandar wani shagon abincin kaji yake zama da kekensa, tun gashinsa na baƙi har ya koma kamar an zazzage masa murhu a ka. Wandon makaranta, rigar coci, siket ɗin malaman asibiti, babu wanda bai bi ta hannunsa ba. Ba ya fara'a da allura a baki, ba ya kuma yarda ya yi kuskure. In riga ta matse ka, kai ne ka yi ƙiba a hanya. Abu ɗaya bai taɓa ɗinkawa ba, shi ne bargo. Bargo ai saye ake yi.

Sai ga bikin 'yarsa Nokwanda ya kawo kan umabo, ranar da amarya ke kai wa dangin miji barguna, a kira kowa da sunansa, ya kwanta a tabarma a tsakar gida, a lulluɓe shi a gaban jama'a. Kakar ango, Gogo MaCele, ta aiko da saƙo: bargon kanti mai hoton damisa ya cika mata akwati. Tunda an ce uban yarinyar tela ne, na hannunsa take so. Kowa kuwa ya san halin Gogo. In bargo bai yi mata ba, ba ta tashi ta yi rawa, sai ta yi lamo a ƙarƙashinsa kamar gawa har a gaji a ɗaga ta. Amaryar da ta yi wa haka bara, har yau a gidan "'yar kanti" ake kiranta.

Baba Sokhela ya sayo yadin shweshwe, irin atamfar can, sabo fil, shuɗi da ruwan ƙasa, yana ƙamshin sitaci, yana ƙara kamar takarda.

"Baban Nokwanda, a jiƙa shi tukuna," in ji matarsa MaDlomo.

"A jiƙa? Su ce tsumma muka tattaro wa tsohuwa? Ƙamshin nan shi ne shaidarmu."

Ya yayyanka, ya harhaɗa, ya shimfiɗa auduga a tsakiya da yadi mai laushi a ƙasa, hawa uku ke nan. Ya taka keke. Ko da ya kai ƙarshen layi, na sama ya wuce na ƙasa da faɗin tafin hannu. Ya farke, ya sake. Haka dai. Ya zargi almakashi, ya zargi tabarau, ya zargi ƙurar abincin kaji.

MaDlomo ta aro masa wata ƙafar keken ɗinki, mai danne yadi, wajen matan coci masu ɗinki. Ƙatuwa, da haƙora a ƙasa kamar muƙamuƙin kada, da wani ɗan hannu mai baki biyu a gefe.

"Wannan fa? Abin cire haƙori ne?"

"Sun ce tafiya take yi. Tana jan na sama, keke na jan na ƙasa."

"Su wa suka ce? Masu ɗinka rigar butar shayi?"

"To malam gwani, mayar musu. Ka kai wa Gogo damisa."

Ya ɗaura. Ɗan hannun nan ya bar shi yana lilo, a ganinsa na riƙewa ne in za a cire. Babu abin da ya sauya, sai ma nauyi. Yana cikin sauya allura yana ƙunƙuni, ya kwance ƙafar ya mayar, hannun ya faɗa kan ƙusar da ke riƙe allura ya maƙale. Ya taka. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙafa ta kama tafiya, yadi uku suka bi ta kamar 'yan makaranta a layi. Bai san abin da ya yi ba. Don tsoron kada ya cire abin ya gudu, har wandunan yara da ita ya riƙa ɗinkawa.

Daga nan ne daɗi ya ɗebe shi. Keken na lantarki ne, Nokwanda ta sayo masa daga Durban, yana da mamurɗi mai hotunan ɗinki iri-iri da bai taɓa waiwaya ba. Ya murɗa kan zigizag, ƙafa ta bi. Ya murɗa kan mai tafiyar maciji, ta bi. Ya murɗa kan wani mai kamar ganye, wanda keke ke yin gaba ya ɗan dawo baya, sai ƙafar ta turje, zare ya yi sheƙar tsuntsu a ƙasa, allura ta karye.

"Me na yi mata kuma?"

"Wataƙila ba ta son ganye," in ji MaDlomo tana tuƙa tuwon masara.

Ya gwada mai tauraro, ta ƙi. Ya gwada mai sarƙa, ta yi rabi ta ƙi rabi. Ya kasa gane me take so me take ƙi, ga shi babu ƙyallen gwaji, duk a jikin bargon yake yi. Inda ya ɓaci ya bi da zigizag ya rufe, inda ya yi kyau ya ƙara layi don a gani. Kafin ya ankara babu wurin da za ka ɗora yatsa ba ka taɓa zare ba.

Ranar tafiya bargo ya ƙi naɗuwa. Mutum biyu suka danna, ya miƙe. A bayan a-kori-kura aka ɗaure shi a tsaye kamar ƙyauren ɗaki.

A gidan ango aka yi ta kiran suna, ana lulluɓewa, ana guɗa. Aka kira Gogo MaCele. Ta tako da sandarta ta kwanta. Nokwanda da ƙawarta suka kinkimo bargo ta gefe biyu suka ɗora mata. Bai sauka ba. Ya zauna kan kafaɗarta da ƙugunta kamar rufin kwano, iska na shiga ta nan tana fita ta can. Guɗa ta mutu a baki. Nokwanda ta sunkuyar da kai.

Sai aka ji ana shinshina daga ƙasa. Sai kuma ƙwanƙwasa, ƙwan ƙwan.

"Sokhela!"

"Na'am, Gogo."

"Ɗinkawa ka yi ko ginawa?"



Tsohuwa ta yunƙura ta tashi, bargo ya tashi tare da ita. Ta kama shi ta tsakiya, ta kare gabanta da shi kamar garkuwa, ta ɗaga sanda sama, ta doka ƙafa a ƙasa irin rawar maza. Gida ya kece. Mata na guɗa, samari na fito, wani kawun ango ya faɗi daga kan benci don dariya. Gogo ta zagaya har gaban Nokwanda, ta leƙo ta saman bargo.

"Ke 'yar magini, shigo ciki. Daga yau duk wanda zai taɓa ki a gidan nan, sai ya fasa wannan."

Nokwanda ta shige bayan bargon, ana jin dariyarta haɗe da shessheƙa.

Baba Sokhela ya matso kusa da matarsa, ya rage murya.

"MaDlomo, yabo ne wannan ko zagi?"

"Ta dai yi rawa. Tafa, mutane na kallonka."

Ya tafa.