Yajin Baba Kwamared

Duk wanda ya zauna a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira ya san ba a ce wa Baba Kwamared "basha", laƙabin girmamawar da ake yi wa manya a can. Wani direban mikrobas ya taɓa kuskurewa, sai da muka wuce tasha uku Baba yana masa huɗubar cewa mai riƙe sitiyari ya fi kowane basha daraja. Baƙar fatar Amurka ne, ɗan kwaminis, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗa kan 'yan dako a tashar jiragen ruwa, gidan yari kuwa ya zame masa kamar gidan kawu. Aure ya kawo shi Alƙahira. Ya musulunta, ya tsinci Hausa a bakin matarsa Inna Hawwa, Bahaushiyar Sudan.

Ran da ta gaji da taurin kansa ta yi yaji zuwa gidan ƙanenta a Giza, muka ce ya tashi ya je biko. Yana jin kalmar yaji sai fuskarsa ta washe. Wai tunda yake bai taɓa karya yajin ma'aikaci ba, ba zai fara da na matarsa ba. Takarda ya aika mata ta rubuto buƙatunta. Ta rubuto tara, ya sa hannu a duka, ya kuma yi mata faɗa don ba ta nemi hutun Juma'a ba.

Sai maganar Ammu Sayyid, maigadin gininmu. Mai gida ya ba shi mako guda ya kwashe iyalinsa daga ɗakin ƙarƙashin bene, wai ya tsufa. Mu ɗalibai muka yi tsit, kowa na tsoron a taɓa masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Har yau ina jin kunyar wannan shirun. Baba ya sauko da kujerar roba da sandarsa, ya zauna a ƙofar ɗakin.

"Ma'alish, yi haƙuri ya hajj, wannan ba ruwanka," in ji mai gida.

"'Yan sanda da karnukansu ba su ɗaga ni ba. Kai da turarenka za ka ɗaga ni?"

Kullum nan yake wuni cikin zafi, yana tari. Rana ta uku kunya ta sauko da mu ɗaya bayan ɗaya, har benen ya cika. Rana ta shida mai gida ya ce khalas, shi ke nan, a bar tsohon maigadin a ɗakinsa.

Tarin nan bai saki Baba ba har ya yi ajalinsa. Ammu Sayyid ne ya yi masa wanka, yana kuka, kuma har yau yana ɗakinsa.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Yadda ka tsaya wa marasa gata, Allah Ya tsaya maka.