Layin da Na Tsallake wa Gwaggo

Tun ina yaro a Maradi ake ce mini uban 'yan tambaya. In aka aike ni sayen gishiri, sai na tsaya na ji daga inda aka haƙo shi da wanda ya ɗauko shi, miya kuwa tana can tana jira. Da wannan halin na sauka Yamai a bayan babbar mota, ƙarshen damina, shekarar da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare aka ba ni gurbi a jami'a. Jami'ar kanta jaririya ce a lokacin, ƙasar ma ba ta daɗe da karɓar mulkin kai ba. Ɗalibai ba mu da yawa, kafin wata guda kana iya gane kowa daga tafiyarsa.

Masaukina gidan Gwaggo ne, yayar babana, a Gaweye, dab da bakin gulbi, kusa da gindin sabuwar gada. Tun tana budurwa aure ya kawo ta Yamai. Mijinta Bazabarme ne, ma'aikacin jirgin fito da ke ƙetarar da mutane da motoci kafin a yi gadar. Ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma ta ƙi komawa gida. Ta zauna tana suyar kifi a ƙofar gida, Hausarta ta cakuɗe da Zabarmanci har wani lokaci sai na ce ta sake faɗa.

Akwai wata magana tsakanina da ita wadda kowa a danginmu ya sani, ba mai son tayar da ita. Da aka haife ni aka sa mini sunan kakana, babana ya yi mata alkawarin in an yaye ni za a ba ta ni riƙo. Lokaci ya yi, ta zo Maradi ɗaukata. Innata ta ce a bari in ƙara ƙwari. Aka ce baɗi. Baɗi ta zo aka ce wata baɗin, daga nan aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, magana ta bi ruwa. Alkawari kaya ne, babana kuwa ya yi shekara goma sha takwas ɗauke da nasa. Ranar da zan taso, abu ɗaya ya jaddada mini: in zauna wajen Gwaggo.

Shi ya sa da na yi sallama a gidanta sai ta rangaɗa guɗa, ta fita tana kiran maƙwabta, ku zo ku gani, an kawo mini ɗana. Mata suka cika tsakar gida suna fofo, fofo, wato sannu da Zabarmanci, suna leƙen ɗan da aka kawo, ga ni ƙato har da gashin baki. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, saboda sunan mahaifinta ne. Mai sunan Baba take ce mini.

Ta gyara mini ɗakin marigayi, ta shafe shi da farar ƙasa, ta yi sabon daɓe. Ta je ta tambayi wani maƙwabcinta ma'aikacin gwamnati abin da ɗan jami'a ke bukata, ya ce tebur. Sai ta sa kafinta ya yi tebur. Ban san wa aka gwada ba, amma in na zauna a kujera tebur ɗin nan haɓata yake kaiwa. Na ce ya yi daidai, na gode.

Rana ta uku na ƙetare gada na je yin rajista. A buro, wato ofishin da ke kula da kwanan ɗalibai, na tarar da wani dattijo mutumin Damagaram, da tabarau a kan hanci. Ya ce mini hanya uku ce. Ko in zauna wajen dangi, ko mu haɗa kai da wasu mu kama haya a gari, ko in nemi gado a site, wato gidan kwanan ɗalibai da ke nan cikin jami'a. Haya ban ko saurare ta ba, na san 'yan Maradin da suka kama ɗaki, na kuma san ni zan riƙa wanke tukunya in na shiga cikinsu. Site ɗin ce ta tsaya mini a rai, don ban san yadda take ba, abin da ban sani ba kuwa shi ke hana ni sukuni.

Wani abokina da ya riga ni shiga da shekara ɗaya ya ce in zo in ga ɗakinsa, gani ya kori ji. Gado biyu ne na ƙarfe, kowa da kabad ɗinsa da teburinsa, ga ƙwan lantarki a sama. A ƙarshen baranda akwai wurin wanka da ruwa ke zubo wa mutum daga bisa. Na taɓa kwanan makaranta a lise, wato sakandare, amma can mu arba'in ne a ɗaki ɗaya, ana kaɗa mana ƙararrawa kamar awaki. Nan kuwa mabuɗi ake ba ka, naka na kanka. Na karɓi nasa na buɗe na rufe har sau uku, yana dariya.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne maganar abokin kwana. Ya ce ba ka zaɓa, wanda aka haɗa ka da shi ke nan. Kana iya samun Buzu daga Agadas, ko ɗan ƙasar Balta, ko mutumin Dahome. Shi nasa ya taɓa ganin teku, har ya shiga ciki. Na tsaya ina lissafin tambayoyin da zan yi wa mutumin da ya shiga teku. Gaskiya ita ce ina son ɗakin nan, so mai tsanani, kuma ba ni da wata hujja. Da gidan Gwaggo can Tondibia yake, sai in ce nisa. To daga ƙofar gidanta ana hango rufin jami'a, mai kuturun ƙafa ma ya je ya dawo kafin azahar.

Dattijon buro ya miƙo mini takarda ya ce in cika in mayar ran Litinin. Ya ƙara da cewa gadaje kaɗan ne, wanda ba shi da kowa a gari ake fara ba. Na duba takardar. Suna, garin haihuwa, sunan uba, sannan ga wani layi da ke tambaya ko kana da dangi a Yamai. Na nuna wa abokina. Ya ce, "Kai ma dai! Kowa babu yake rubutawa. Akwai ɗan Nijar da ba shi da kowa a Yamai? Da gaskiya ake bi, da jemagu ke kwana a site."

Na cika komai a ranar, ban da layin nan. Kwana huɗu takardar tana aljihuna. In na ɗauki alƙalami sai in ji muryar Gwaggo tana tambaya ko yaji ya isa. Kullum sai ta zaɓar mini kifin da ya fi tsoka ta ɓoye wa masu saye, in ci ina jin kamar na sata. Haushinta ma na riƙa ji, Allah ya yafe mini, don da ta ɗan yi mini rowa ko faɗa da na samu abin kamawa.

Ran Lahadi da la'asar tana wanke mini riga ta tsinci takardar. Ba ta karatun boko, amma a nan na gane inda na gado tambaya. Ta share hannu ta zauna a kan turmi ta ce in karanta mata, tana so ta ji abin da gwamnati ke tambayar yara. Na fara fassarawa, ita kuma ta ɗora yatsa tana bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa suke son sunan uba ba na uwa ba? In mutum bai san shekarar haihuwarsa ba fa? Da na zo wurin sai na yi tsalle na faɗa na ƙasa.

"Tsaya, Mai sunan Baba," in ji ta. "Wannan hwa? Ka ƙetare shi. Kuma shi kaɗai ne ba ka rubuta komi gabanai ba."

Na karanta mata. Tunda na fara sai na ƙarasa, na gaya mata maganar gadaje, da wanda ake ba da wanda ake hanawa. Ta ƙura wa farin wurin da ke gaban layin ido. Na jira kuka ko faɗa. Sai ta ce, "Ɗakin, da tagogi?" Na ce da taga ɗaya. Ta ce, "Gobe mu tahi in gani." Ta tashi ta ci gaba da wankinta.

Washegari ta ɗaura zanen fita, ta yafa mayafi, muka kama hanya. Sai a bakin gada ta gaya mini ba ta taɓa taka ta ba. In ƙetarewa ta kama ta, kwalekwale take shiga, don gadar nan ce ta kashe aikin jirgin fito. Ta hau tana riƙe da ƙarfen gefe. Da muka kai tsakiya ta tsaya ta leƙa ƙasa, ta daɗe, ta ce ashe haka gulbi yake daga bisa. Ta tambaye ni yadda aka kafa ginshiƙai cikin ruwa ba su tafi ba. Na ce ban sani ba. Ta ce to me ake koya mana.

Abokina ya buɗe mana ɗakinsa ya koma gefe. Gwaggo ta danna katifa da hannu biyu, ta zauna, ta ɗan yi rawa a kai, ta tashi. Ta kunna lantarki ta kashe, ta sake kunnawa. Ta shinshina cikin kabad. A wurin wanka ta murɗa famfo kafin in yi magana, ruwa ya sauko mata a ka, ta ja da baya tana salati tana dariya har da riƙe ciki. Ta tambayi wa ke dafa abinci, da me ake dafawa, ina alƙibla, wa ke tashin mutum sallar asuba, in ciwo ya kama yaro wa zai sani. Abokina yana amsawa, tana gyaɗa kai. Daga ƙarshe ta tsaya gaban teburin, ta ce in zauna ta gani. Na zauna, ya zo mini daidai ciki. 

Daga nan ta ce in kai ta wajen mai karɓar takarda. Na so ta jira a waje, ta riga ni shiga. Dattijon ya amsa gaisuwa, ya karɓi takardar, ya bi ta da alƙalami har ya iso wurin. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Samari, nan ba ka cika ba. Kana da dangi a Yamai ko babu?" Sai ya juya wajen Gwaggo. "Inna, ke ce tasa?"

 Kafin in haɗa kalma ɗaya Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "A'a, Malam. Ni mai kihi ce nan Gaweye. Baƙo ne, hanya na gwada mishi. Ba shi da kowa garin ga."

Dattijon ya dube ta, ya dube ni. Duk mai ido ya ga hancinmu iri ɗaya ne, kuma na tabbata ya gani. Ya sunkuya ya rubuta babu da hannunsa, ya buga hatimi, ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini mabuɗi. Ni kuwa na bar ƙaryar ta wuce. Na sa hannu biyu na karɓa, kuma ba zan ɓoye ba, a cikin kunyar da ta rufe ni akwai murna. Wannan murnar ce har yau ban yafe wa kaina ba.

Da muka fito na fara kame-kame, cewa zan riƙa zuwa kowace Juma'a, cewa ai ga gida ga gida. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce da an ba ta ni ina ɗan yaye, da yanzu ne daidai lokacin da za ta sake ni in tafi neman abin kaina, kamar kowace uwa. Tsakiyar ce ba ta samu ba, amma ƙarshen ba za ta bari ya wuce ta ba. Ta ce kayana za ta aiko da su da yamma, babana kuma in bar mata shi, ita ce gaba da shi.

Muka iso bakin gada, na sa ƙafa zan raka ta. Ta juyo ta dafa ƙirjina ta tsayar da ni.

"Koma, Mai sunan Baba. In ka taka ƙohwar gidan nan yau, wallahi ba ni iya sakinka."

Na tsaya nan rana tana dukana, mabuɗi a hannu. Ta hau gadar ita kaɗai, tana tafe a hankali tana riƙe da ƙarfen gefe, har ta sauka wancan ƙetaren ba ta waiwayo ba.