Malmalar Yaya Mai Keke

A shekarar da fari ya cinye mana gero, a shekarar ne Yayana ya ga dama ya zama ɗan tseren keke. Jiha ta ɗauke shi cikin 'yan wasanta, aka ba shi wani siririn keke da riga mai aljihu a gadon baya. Ni tun daga wannan aljihun na fara zargi. Mutumin kirki me zai ɓoye a bayansa?

Wai za su yi tsere na kwanaki, kullum gari guda, a kwana a tashi a sake. Mai horar da su ya turo shi gida ya shirya, ya ce masa jiki kamar murhu ne, in ba a tura itace yau ba, gobe ba wuta. Ya ci da safe, ya ci a kan keke, ya ci da ya sauka. Sannu, mai horarwa! Shi dai bai taɓa leƙa rumbunmu ba.

Ni ke tuƙa tuwo a gidan, na san abin da tukunya ke bayarwa. Malmala ɗaiɗai ce, har Baba. Amma Yaya zai zaga ta Ɗambatta ya ɓullo ta Kunci, ya dawo ya zauna, in hango malmala biyu a kwanonsa. Aljihun nan kuma ba ya rabuwa da dunƙulen fura ko guntun rogo. Duk da haka kullum ƙara ramewa yake. Na ce ko dai tsutsar ciki, ko wata yake kai wa a Ɗambatta, ko kuma hannunsa na shiga madafi in na juya baya. Na koma rufe tukunya da dutsen niƙa. Malmala ta ci gaba da zama biyu.

Sai hankalina ya koma kan Inna. Da Litinin da Alhamis take azumi. Yanzu Talata ma azumi, Asabar ma azumi. In na tambaya ta ce ramuwa take, matar da ta manta rabonta da shan azumi. Ran nan na bi ta da ido, na ga ta ɗauki kwanonta ta shiga zaure inda Yaya ke cin abinci, ta fito da shi wayam. Zanen da take ɗaurawa har ya fara zagaye ta sau biyu.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na tari Yaya yana goge sarƙar kekensa.

"Yaya, ka san tuwon wa kake ci? Na Inna ne. Ita ke tuƙa keken nan, ba kai ba!"

Daga ranar malmala ɗaya yake ci, ya tsaya sai ya ga Inna ta cinye tata. Aljihu ya zama fanko. Haka ya tafi tseren.

Zangon farko an ce ya yi abin kirki. Na biyu ya lallaɓa. A na gaba, ana tsakiyar hanya, ƙafafunsa suka mutu, idonsa ya rufe, ya sauka gefen titi yana karkarwa bai san inda yake ba. Motar da ke bin su a baya ce ta kwashe shi. Jiha ba ta sake kiransa ba. Ya dawo ya rataye keken a zaure ya ɗauki fartanya.

Har gobe ina ganin daidai na yi, don uwa ɗaya gare mu. Na ma zaci Inna za ta sa min albarka da ta ga kumatunta sun dawo. Ranar da ya fita gona da fartanyar, ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana, sannan ta juyo gare ni.

"Ke kuwa 'yar nan," ta ce, "wa ya aike ki? Da kin bar ni da azumina."