Garin Masarar Inna

Shekararmu huɗu a Madina kafin Inna, mahaifiyata, ta samu zuwa aikin Hajji. Maigidana yana karatu a jami'a, muna haya a unguwar Sultana, saman shagon wani mai gyaran firji. Kwana takwas ta yi a wurinmu. Cikin kayanta akwai garin masara kwano guda, wanda ita da kanta ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta kai inji. Ga kuka, ga daddawa ƙulle a tsumma.

Tun ranar da ta sauka take cewa, "Ke 'yar nan, ki tuƙa mini tuwo kafin in tafi. Shinkafar Larabawan nan ta ishe ni."

Ni kuwa kullum sai gobe. Rawar kai ce ke ɗibata, ba komai ba. So nake ta koma gida ta ce 'yarta ta waye.

Akwai maƙwabciyata Balarabiya da mijinta ya taɓa aiki da Turawan man fetur. A gidanta na fara cin wani abu wai shi kon dog. Naƙaniƙ ne, wato niƙaƙƙen naman nan dogo kamar yatsa, a soke shi a tsinke kamar tsire, a tsoma a ƙullun masara mai ƙwai da madara da sukari, a soya. Sau ɗaya tak na ga ta yi, amma na ɗauka na iya.

Ana gobe Inna za ta wuce Makka, da la'asar, na sayo naƙaniƙ na buɗe garinta. Ashe na maƙwabciya mai tsaki-tsaki ne, namu kuwa laushi kamar hoda. Ina tsomawa a mai, sai ƙullun ya zame ya bar naman tsirara. Na ƙara gari. Ya yi kauri, waje ya ƙone, ciki ɗanye. Na ƙara madara, ya tsinke. Na sake ƙara gari. Zufa ta jiƙa ni sharkaf, raina ya gama ɓaci.

Inna na zaune a bakin ƙofar kicin, har ta tankaɗe kukarta a faranti. A hankali ta ce, "Rage mini ko na malmala biyu."

Wallahi har yau in na tuna amsar da na ba ta sai kunya ta rufe ni. Cewa na yi, "Haba Inna! Tuwo, tuwo! Daga tuwo kika fito, tuwo za ki koma. Don Allah ki bar ni in yi abin arziki!" Na juye sauran garin kaf a cikin ƙullun nan mai sukari, har da karkaɗe kwanon.

Guda shida suka fito da kamar abinci. Na jera su na kai mata ina washe baki. Ta ɗaga ɗaya ta tsinken, ta jujjuya shi, ta tambaye ni wa ya yanka naman. Ban sani ba. Sai ta ɓare ɓawon ta ci, ta ajiye naman a gefe.

"Masarata ce kuwa," in ji ta. "Na ji ɗanɗanonta. Allah Ya yi miki albarka."

Da gurasa da shayi ta kwana.

Da safe muka raka ta Bi'ir Ali, inda alhazai ke ɗaukar harama. Motarsu na shirin tashi ta miƙo mini ƙullin kukar ta taga. Na ce, "Inna, in mun dawo gida tuwon sati zan yi miki." Ta yi dariya ta ce Allah Ya kai mu.

Daga Makka ta Jidda suka koma gida. Mu kuwa sai bayan shekara uku muka tattaro, muka tarar ta rasu tun daminar da ta wuce.

Tun daga nan na tuƙa tuwon suna, na tuƙa na biki, na ciyar da mutanen da ko sunansu ban sani ba. Malmala biyu kacal ta roƙe ni, da garinta, na hana ta.