Mama Keziah, Wadda Ta Ji Ta Bakin Dodo

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 2006, da hantsi, ina facin tayar babur a tashar 'yan Ribah, Rabi mai ƙosai ta zo ta ce mini Mama Keziah ta Rikoto ta rasu. Na ajiye tayar.

Mama, a aji huɗu na tsaya, amma wannan ta'aziyya ba zan ba wani ya rubuta mini ba.

Duk Rikoto an san ki da tatsuniya da rana tsaka, kina ɓarar gyaɗa a gindin mangwaro. In aka ce ba a tatsuniya da rana, sai ki ce taki ba tatsuniya ba ce, shaida ce. A bakinki kura ba mai haɗama ba ce, uwa ce mai 'ya'ya biyar a shekarar fari. Mayyar ƙarshen gari kuwa tsohuwa ce da 'ya'yanta suka tafi Legas ba su waiwayo ba. Malam Francis na makarantar Lahadi ya taɓa cewa kina ɓata wa yara labari, kika tambaye shi yaushe ya zauna da kurar ya ji ta bakinta.

Amma labarin dodon rafi ne ya sa nake wannan rubutu. Kowa ya san shi: dodo ya tare ruwa, jarumi ya zo da takobi ya sare shi. Kowa kuma ya san wanda yaran unguwarmu ke kira dodo. Babana ne, Kofur Solomon, wanda ya dawo daga yaƙin Laberiya ya ƙi kwana a ɗaki, ya kafa bukka a bakin rafi. Shekara tara ina sauya hanya don kada a gan ni da shi.

Bara kika ba da labarin ina zaune. Kika ce dodon nan mutum ne da ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Bai tare ruwa ba, ƙarar ruwan ce kaɗai ke danne ƙarar da ke cikin kansa. Nan kika tsayar da labarin. Na tambaye ki ina mai takobin. Kika dube ni kika ce, “Ɗana, ba takobi yake jira ba. Ɗansa yake jira, ya je ya zauna kusa da shi.”

Na fara zuwa. Nakan kai masa tuwo, mu zauna tare. Duk Lahadi bayan sujada kina tambayata ko ya yarda ya shigo gari. In ce tukuna, ki ce ke ma ba za ki ƙarasa labarin ba sai ya shigo. Na ɗauka muna da lokaci.

Da na kai masa labarin rasuwarki, ya kalli ruwa, sannan ya ce duk shekarun nan ke ce mai ajiye masa ƙullin gyaɗa a kan dutse. Ranar Juma'a da aka kai ki, sai ga shi da wankakkiyar riga. Ya bi ta tsakiyar Rikoto, ya zo bakin kabarinki ya karɓi shebur daga hannuna.

Mama, ya shigo. Kwana uku kacal ya rage ki gani.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya ba ki hutu a wurin Yesu Almasihu. Ya ba 'ya'yanki, Magdalene da Saloma, da jikokinki haƙurin wannan rashi. Babana ma ya ce in sa sunansa cikin masu gaisuwa.