Suga Muka Kai, Likita Ta Leƙa Baki

"Suga na kawo miki, me ya kai ki bakina?" Haka Babanmu ya ce wa likita a Agege ta Legas, farkon dawowar mulkin farar hula. Sugansa ya ƙi sauka, asuwakinsa kullum jina-jina, shi kuwa murna yake, wai mugun jini ke fita.

Ta ce, "Baba, dasashinku ya kumbura. Garkuwar jikinku tana can tana yaƙi, yaƙin ke hana suga sauka. Sugan kuma yana rura ciwon."

Aka wanke haƙora, aka yi maganin dasashi. Jama'a, da muka koma awo, suga ya sauka! Har kwandastan danfo, motar hayar da muka shiga, sai da Baba ya nuna wa haƙoransa.

Ku fa, yaushe rabonku da duba asuwakin iyayenku?