Kaset Ɗin Inna a Hannun Mai Kunne

A layinmu ba wanda ke kiran Baffana da sunansa. Mai Kunne ake ce masa, kuma ba don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba, ko da yake sun fi. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana gyaran rediyo da rakoda a wani shago mai faɗin tabarma biyu, tsakanin tela da mai walda. In ka kawo masa rakoda, ba ya taɓa sukundireba sai ya sa mata batir, ya kara ta a kunnen dama, ya rufe ido. Can sai ya ce robar ciki ce ta saki, ko injin ya sha ƙura, ko ɗanka ya cusa tsinke a ciki. In aka buɗe, haka za a tarar.

Yayan mahaifina ne. Bai taɓa haihuwa ba, matarsa kuma ta rasu tun ina firamare, don haka rakododin nan su ne iyalinsa, kuma ya fi yi musu magana mai daɗi fiye da yadda yake yi mana. Mutum ne mai kafiya. Yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa ko don wane ne: kaset mai daraja ba ya shiga rakoda sai kaset ɗin gwaji ya riga shi. Wannan na gwajin, muryarsa ce a ciki yana ƙirga ɗaya zuwa ɗari, a hankali, kamar mai hukunta ɗalibi. Muna yara mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa. In rakoda za ta ci zaren kaset, in ji shi, gara ta ci muryarsa da ta ci ta wani.

Da waya ta zo ta kashe kasuwar, abokan sana'arsa duk suka koma gyaranta. Shi ya ƙi. Ya zauna cikin rakododin da masu su suka kawo suka manta, jere a kan katako har rufi, yana share musu ƙura kowace safiya. A 'yan shekarun nan sai ga samari sun dawo neman ƙananan rakododi na aljihu, wai abin yayi ne, kamfanoni kuma suka shiga ƙera sababbi. Na zaci zai yi murna. Ina! Ya ɗaga ɗaya a tafin hannunsa, ya ce abin da bai kai nauyin sabulu ba ba zai iya jan zare daidai ba.

Ni duk wannan bai dame ni ba, sai da mahaifina ya rasu. Muna kwashe kayansa na tarar da kaset guda a ƙasan akwati, an naɗe shi cikin hankici. An rubuta masa "daga gida" da biro. Na kai wa Baffa. Yana gani ya zauna a kan kujera ba shiri.

Ya ce lokacin da mahaifina ya yi shekara biyu yana aiki a nesa, Inna, mahaifiyata, ba ta son wasiƙa, sai ta riƙa aika masa murya. Wannan ne kawai ya saura. Shi da kansa ya ɗauka mata, a shagon nan, tana zaune a kan bencin da nake zaune. Inna ta rasu ina da shekara uku. Hotonta ɗaya nake da shi, wanda ba ta ma kallon mai ɗauka. Muryarta kuwa ban san ta ba ko kaɗan, kuma shekara talatin da shida ina ɗauka na haƙura, sai ranar na gane ban haƙura ba.

Baffa ya ɗaga kaset ɗin wajen haske, ya zura biro a ramin ya juya kaɗan. Fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce zaren ya bushe, ya yi laushi, a wasu wurare ya manne da juna. Zai iya wucewa sau ɗaya lafiya, wataƙila sau biyu. In rakoda ta kama shi ta naɗe, ba mai iya dawo da abin da ke wurin.

Mijina mutumin kirki ne, amma ya yi imani duk abin da ya fito daga kwali ya fi wanda ya fito daga kan katako. Washegari ya shigo da sabuwar rakoda, fara sol, da igiyar da ke tura sauti kai tsaye cikin waya. Ya ce in sa kaset ɗin mu gama, robarta sabuwa ce, injinta sabo, ba ta taɓa cin zaren kowa ba. A shago kuma Baffa ya sauko da wata tsohuwar rakoda mai jikin ƙarfe, baƙa, gefenta ya goge, ya ce in ba shi mako ɗaya. Zai canza mata roba, ya wanke kan da ke karanta zaren da auduga da sifirit, ya daidaita gudunta. Irin wannan ce ta ɗauki muryar, in ji shi, irinta ce za ta mayar da ita yadda take.

A makon nan kullum sai na biya shagon bayan na tashi aiki, kuma a makon ne na ga abin da ya kamata in gani tun shekara biyu da suka wuce. Baffa ya daina kallon idon mutum in ana magana, bakinsa yake kallo. In na yi magana yana duƙe, ba ya amsawa. Wata rana wayarsa ta yi ta ruri a aljihunsa har ta katse, yana ta goge ƙaramar tayar robar da ke danne zare, bai ko motsa ba. Tela ya ja ni gefe ya ce rediyo uku aka dawo wa Baffa da su a watan nan ba su gyaru ba, kuma sai ya yi sallama sau uku kafin a amsa. Na tambaye shi ko wani ya gaya wa Baffa. Ya dube ni kamar na ce ya sa hannu a wuta. Wa zai tsaya gaban Mai Kunne ya ce masa ba ya ji?

Na san yadda yake aiki tun ina yarinya. Rakoda ba ta cin zare farat ɗaya, sai ta fara ba da alama. Murya takan fara rawa kaɗan, sautin injin ya canza, shi kuma kafin mai kaset ya lura ya riga ya danna ya tsayar. Duk amincin tsohuwar rakoda a kunnensa yake, kunnen kuwa ya tafi.

Na ari kaset ɗin gwaji na kai gida na sa a sabuwar. Ta juya lafiya har ɗari, ba ta ci komai ba. Amma muryar da ta fito ba ta Baffa ba ce sosai. Ta yi siriri, tana sauri kaɗan, ga wani zuuu a ƙasa da ba ya yankewa. Mijina ya ce wannan ai ba komai ba ne, ana jin kowace kalma. Na ce masa ba kalma nake nema ba. Na san Baffa, shi ya sa na gane ba shi ba ne. Inna fa, in aka ba ni muryarta a gurguje, da me zan gane?

Ranar Asabar da hantsi na je da rakododin duka biyu a raina, ɗaya kuma a jaka. Baffa ya riga ya roƙi mai walda ya dakata na awa guda. Ban taɓa jin layin ya yi shiru haka ba, har ƙarar fankar tela ana ji ta bango. Na ajiye sabuwar a kan tebur kusa da tsohuwar. Ya kalle ta.

Ya sa kaset ɗin gwaji a tasa. Muryarsa ta fito cif, kamar yana tsaye a bayana. Ya kara rakodar a kunne, ya rufe ido yadda ya saba, amma na ga babban yatsansa ya lallaɓa ya kwanta a bayanta, yana neman motsin injin ta fata. Da aka kai ɗari ya ajiye.

"Uwarki ce, ke za ki zaɓa," in ji shi. "Ba zan ji haushi ba."

Ƙarya yake, zai ji. Amma ba don haka kawai na tura sabuwar gefe ba. Ina son muryar yadda take, in ji ta sau ɗaya ba a rage mata komai ba. Na nuna baƙar.

Ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan maɓallin tsayarwa. Hannunsa na da sanyi.

"Ɗiyata, yau ke ce kunnena." Bai dube ni ba. "In kika ji murya ta fara rawa, danna. Kada ki jira ni."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan kurmancinsa, kafin ranar da bayanta. Na ce to. Na kunna wayata na ajiye a bakin lasifika don ta ɗauka. Ya saka kaset ɗin Inna, ya rufe, ya danna.

Da farko shuuu kawai. Sai wata mata ta gyara murya ta yi sallama. Muryar ta fi yadda na zata kauri, tana da ɗan karce a ƙasa, kuma tana jan ƙarshen magana kamar yadda 'yata ta biyu ke yi, abin da na sha yi mata faɗa a kai. Ta gaida mahaifina, ta ce kowa lafiya. Ta ce rufin ɗaki yana yoyo ta kusurwa, ta sa bokiti. Ta ce yarinyar nan ta fara tafiya, ba abin da ta bari a inda aka ajiye shi, jiya ma ta ɗauki takalminsa da ya bari ta jefa a cikin bokitin.

A nan muryar ta fara rawa.

Na ji, ba zan ce ban ji ba. Yatsana na kan maɓallin. Amma mace ce mijinta ya yi nisa, tana maganar takalminsa da 'yarsa, muryarta na karkarwa tana shaƙewa. Me zan ɗauka in ba kuka ba? Na ce a raina uwata ce ke kuka a kaina, ni kuma in katse ta? Hawaye suka zubo mini. Baffa kuwa ba rakodar yake kallo ba, fuskata yake kallo, don ta nan kaɗai yake iya sauraron ta. Da ya ga ina kuka sai ya gyaɗa kai yana murmushi, wai aiki ya yi kyau.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri kamar ta namiji. Sai idonsa ya sauka a kan ɗan gilashin ƙofar rakodar, ya ga taya ɗaya ta daina juyawa. Ya bige hannuna ya danna da kansa.

Da ya buɗe, zaren ya biyo kaset ɗin waje, ya cukurkuɗe a jikin tayar robar, ya yamutse, a wuri guda ya tsinke. Ya sa tsinke yana warwarewa a hankali, yana shimfiɗa shi a kan tebur, kamu bayan kamu. Mai walda ya leƙo ya tambaya ko ya ci gaba da aiki, sannan ya koma.

Can Baffa ya ɗago ya kalli bakina, ya tambaye ni ko muryar ba ta ba da alama ba. Na ce ta bayar. Na ce na zaci kuka take yi. Ya sa na maimaita, na maimaita da ƙarfi. Ya tambaya a wane wuri, na ce wurin takalmi da bokiti.

Ya ajiye tsinken.

"Ba kuka ba ne," in ji shi. "Dariya take. A wurin nan ta yi ta dariya har sai da na ce ta ja baya kaɗan, za ta cika kaset ɗin. Uwarki ba ta yi kuka a shagon nan ba."

Kwana huɗu ya yi yana aikin zaren. Ya yanke inda ya lalace, ya haɗa sauran. Abin da ya rage gaisuwar dangi ce ɗaya bayan ɗaya, da saƙon a sayo mata zaren ɗinki, da sallama. Ya ba ni yankakken a cikin ambulan, bai ce laifina ne ba, ni ma ban ce nasa ne ba. Mijina ya mayar da sabuwar rakodar cikin kwalinta, kuma ya yi mini alherin da bai taɓa cewa da na ji maganarsa ba. Ko ita ma za ta ci zaren, ba wanda ya sani.

Baffa yana buɗe shago har yanzu, yana share ƙura, amma ya daina karɓar aiki. In an kawo, sai ya nuna wani shago a ƙarshen layi. Kaset ɗin gwajin yana cikin aljihun tebur. Mutane ba su daina ce masa Mai Kunne ba, sai dai yanzu sukan ɗan rage murya in za su faɗa, abin da ba shi da amfani.

Abin da wayata ta ɗauka yana nan. Nakan kunna in na rage ni kaɗai a ɗaki, in saurari sallamar da yoyon rufi, har a zo wurin takalmi. Kowane lokaci sai in gaya wa kaina dariya ce, Baffa yana wurin, ya gani da idonsa. Har yau kuka nake ji.